Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa Na Katako Daga Kwali

Jama'a masu tambaya a kan jiragen ruwan nan na katako da ake haɗawa a ajiye a falo, bari in yi bayanin gaba ɗaya yau kowa ya huta. Eh na sani mu 'yan Jos ne, ba teku ba babban kogi, amma aikin ba ya buƙatar ruwa, tebur ne kawai da haske da haƙuri.

Abin yana zuwa ne a kwali, ciki akwai falankin filawud da aka riga aka yanka da leza, da siraran katakai dogaye a ɗaure, da zare kala biyu ko uku, ƴan ƙusoshin tagulla, ƙyallen filafilai, da babbar takardar zane. Kamfanonin da suka yi suna a harkar yawanci na Turai ne, OcCre da Artesanía Latina a Sifaniya, Amati a Italiya, Billing Boats a Denmak, Caldercraft a Ingila, sai Model Shipways na Amurka. Oda ake yi ta intanet, kuma ka sa a ranka kuɗin aiko da na kwastam suna iya ba ka mamaki don kwalin dogo ne, in kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje to ka lallaɓa shi ya riƙo maka.

Wajen zaɓe ne mutane suke fara cutar kansu. Kowa ido yake kaiwa kan HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, wanda Nelson, kwamandan sojin ruwan Ingila, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, har yau yana nan a Portsmouth. Kyau kam akwai shi, amma igwa 104 gare shi kuma kowace sai ka haɗa ta da hannu, babban kit ɗinsa, wato kwalin kayan haɗa shi, in an gama jirgin ya haura mita ɗaya, aikin shekaru ne ko ga gwanaye. Haka Cutty Sark na 1869 mai jigilar ganyen shayi daga Sin, zarensa kaɗai sai ya sa ka ajiye kwalin a ƙarƙashin gado. Dan Allah ka fara da ƙarami mai sandar filafilai ɗaya ko biyu, irin Polaris na OcCre ko Swift na Artesanía Latina, dukansu sikelin 1:50 ne, wato santimita 1 a teburinka santimita 50 ce a jirgin gaske. In hannu ya faɗa sai ka matsa zuwa Bluenose, jirgin kamun kifi da tsere na Kanada da aka ƙera a 1921.

Kayan aiki ba wasu masu tsada ba ne, ka zaga kasuwar Terminus ka samu yawancinsu. Wuƙar yanka takarda mai kaifi da ƙarin reza, sanfefa mai kaushi da mai laushi (lamba 120, 240 da 400 sun isa), ƙaramar filaya, matsefata, rula ta ƙarfe, fensir, fegin shanya da yawa, robar ɗaure kuɗi, farin gam na kafintoci irin Top Bond, da sufa gulu kaɗan. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ƙaramin abin huda na hannu mai baki 0.5 zuwa 1 milimita, shi gara ka haɗa shi cikin odar. Sai fitila mai caji mai haske sosai, kar ka dogara da NEPA.

Da kwalin ya iso kar ka ɓalle komai tukuna. Ka ɗauki fensir ka rubuta lambar kowane yanki a jikinsa kamar yadda take a zane, don da zarar sun fita daga falankin wlh kama suke yi da juna. Ka yanke su da wuƙa, kar ka murɗe da hannu. Za ka ga gefensu baƙi baƙi, ƙunar leza ce, ka goge ta da sanfefa sama sama saboda gam ba ya kama ta da kyau. Kuma ka bar katakon ya kwana biyu a ɗakin da za ka yi aikin, ya saba da iskar wajen.

Toh yanzu ƙashin baya da haƙarƙari. Dogon falankin tsakiya shi ne ƙashin bayan jirgin, su kuma masu shiga cikin tsagoginsa a gicciye su ne haƙarƙari. Ka jera su duka ba gam ka gani tukuna, wanda ya matse ka ɗan goge tsagar, wanda ya yi sako-sako ka cusa masa siririn katako. Kowane haƙarƙari dole ya tsaya cak a kan ƙashin baya, ba karkata ko kaɗan, ka auna da sukwaya ko da bulon Lego na yara in akwai a gidan, kusurwarsa daidai take. Ka ɗaga shi ka hango shi ta goshi da ido ɗaya, in ƙashin bayan ya lanƙwashe a nan za ka gyara, ka danne shi tsakanin katakai biyu miƙaƙƙu, in ka wuce nan babu gyara kuma.

Sai aikin da kowa yake son tsallakewa, kuma shi ne ke raba jirgi mai kyau da mai kumburi: goge gefen haƙarƙari. Gefensu a miƙe yake zuwa daga kamfani, shi kuma jikin jirgi lanƙwasa yake, musamman wajen goshi da baya. Ka naɗe sanfefa a jikin wani katako mai ɗan tsawo da zai hau haƙarƙari uku lokaci ɗaya, kana gogewa kana ɗora siririn katako ɗaya kana dubawa, so ake ya kwanta lif a kan dukan faɗin gefen, ba a kan tsini kawai ba. In ka ga haske yana wucewa ta ƙarƙashi to da sauran aiki. Abin akwai gundura, ƙura ta cika maka hanci, ka ga kamar ba ka ci gaba, amma duk mintin da ka ƙi bayarwa a nan sai ka biya shi ninki wajen rufe jiki.

Rufe jiki sau biyu ake yi a yawancin kit. Na farko da farin katako mai taushi, kaurinsa wajen milimita 1.5 zuwa 2, na biyu kuma siriri sosai kamar rabin milimita, sau da yawa na sapele, ja-ja ɗin nan mai kyau. Itacen dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, garin Sapele na jihar Delta ma ya ba shi suna, ka ga ikon Allah, namu ne ake kaiwa Turai a fere a dawo mana da shi da kuɗin Yuro.

Katakon ba zai lanƙwashe a bushe ba, karyewa zai yi. Ka jiƙa shi a ruwan zafi kamar minti 20, ka lanƙwasa shi a hankali a jikin gwangwani ko ka bi shi da dutsen guga, ka maƙale shi a wajen da zai zauna da fegi ka bar shi ya bushe, sannan ka sa gam. In ka manna shi a jiƙe zai tsuke bayan ya bushe ya bar maka tsaga. Wani abu kuma, cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, katakai goma da suka cika tsakiya ba za su samu waje a goshi ba, don haka kowanne sai ka fere bakinsa ya siranta wajen goshi, amma kar ya gaza rabin faɗinsa na asali. Ka sa ɗaya a dama ka sa ɗaya a hagu, haka haka, in ka cika gefe ɗaya kaf zai ja ƙashin bayan ya karkace. Ƙusoshin kuma ka fara huda musu rami, kar ka buga su har ƙarshe, gam ya bushe ka zare su da filaya. Rufin farko ko ya yi muni ba komai, ka kwaɓa garin katako da gam ka cike ramuka ka goge sumul, na biyun ne ake gani, shi kam duk gam ɗin da ya fito ka share shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, don banish ba ya hawa inda gam ya bushe, tabo zai bari.

Akwai abin da takardar kamfani ba za ta faɗa maka ba don su ba su san hunturun Jos ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙamas, siraran katakan nan ƙas suke karyewa, farin gam yana yin fata tun kafin ka gama daidaita katakon, shi kuma sufa gulu da laimar iska yake kamawa, sai ka ga yana jan ƙafa, ka ɗan hura masa numfashi ya kama. Ka ajiye sauran katakan cikin leda a ɗaure. In wani ya karye ya ƙare maka, ka ɗauki samfur ka je Kasuwar Katako wajen masu injin tsaga, ka gaida dattijon wajen da kyau ka ce Baba ragowar obeche nake nema (farin katakon nan mai taushi), yawanci cikin tarkacen da suke zubarwa za ka samu, ka dawo gida ka fere da kanka.

Daɓen sama, ƙofofi, matattakala da fenti duk bin zane ne kawai, ba sai na ja magana ba. Ka dai yi banish marar sheƙi, mai ƙyalli yana mayar da jirgi kamar na roba.

Zare shi ne na ƙarshe. Baƙin zare na igiyoyin da ke riƙe sanduna ne, don a jirgin gaske kwalta ake shafa musu, mai ruwan ƙasa kuma na jan filafilai. Ka fara da baƙin, ka fara daga tsakiyar jirgi kana fitowa waje, daga ƙasa kana hawa sama, in ba haka ba hannunka ba zai shiga ba daga baya. Kowane zare ka ja shi a kan kakin zuma, wajen masu sayar da zuma za ka samu, yana kwantar da gashin zaren ƙura ba ta kama shi sosai. A kan ƙulli ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa, sufa gulu yana sa zare ya ƙage ya karye. Kuma in da rani kake ɗaurin kar ka ja shi tamau, zaren auduga yana tsukewa in ya sha laima, damina ta kankama a Yuli da Agusta ka tashi ka ga sanda ta sunkuya.

In ka gama ka auna tsawo da faɗi da tsayi, ka ƙara kamar santimita 5 ta kowane gefe, ka kai wa masu aikin gilashi da alminiyom su haɗa maka akwati. Ka ɗora shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, nesa da bangon da gara ke bi, kuma sama da inda hannun yara zai kai.