Yadda na gyara lissafin kuɗin magani na masu inshorar lafiya

Bayan mun shigar da sabon jadawalin farashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) a manhajar asibitinmu, sashen magani ya ci gaba da fitar wa masu inshora rasit bisa tsohon farashi, har kashi 10 cikin ɗari da majinyaci ke biya ya daina daidaituwa. Mun fara zargin sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, muka sake kunna ta, amma babu canji.

Ashe gurbin ranar ƙarewar tsohon jadawali a buɗe yake, shi ya sa manhajar take fara ɗaukar tsohon jadawalin. Na cike gurbin, na haɗa sabon jadawalin da rukunin masu inshora, sannan na sa masu karɓar kuɗi suka fita daga manhajar suka sake shiga. Rasit ya daidaita, alhamdu lillahi.