Yadda Ake Karɓar Baƙo Bayahude Mai Kiyaye Addininsa a Legas

Duk Bahaushen da ya daɗe yana harka a Legas, ko canji yake yi, ko safarar kayan gwari a Mile 12, ko kwangilar gini a Lekki, wata rana zai iya haɗa hanya da Bayahude, ko dai injiniyan da ya zo daga Isra'ila, ko ɗan kasuwa daga Amurka ko Faransa, ko kuwa ɗan ƙabilar Ibo mai bin addinin Yahudanci. Mu kuma an san mu da cewa baƙonka annabinka, don haka da zarar hulɗa ta yi ƙarfi sai mu ce ya zo gida ya ci abinci. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna ɗauka cewa tun da Bayahude ba ya cin alade kuma yana yanka, duk abin da ya halatta gare mu ya halatta gare shi. Ni kaina na taɓa sayo rago a Alaba Rago saboda wani abokin ciniki, maiɗakina ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, aka kwarara man shanu, amma bawan Allahn nan ayaba biyu da ruwa kawai ya iya sa wa a bakinsa, yana ta ba da haƙuri, ni kuma kunya ta rufe ni.

Abu na farko shi ne ka tambaye shi tun kafin ranar, cikin ladabi, ko yana kiyaye dokokin abinci da suke kira kosha, da kuma hutun Asabar da suke kira Shabat. Yahudawa ba ɗaya suke ba a wajen riƙo, akwai mai tsanantawa, akwai wanda alade da jatan lande kawai yake guje wa, akwai kuma wanda bai damu da ko ɗaya ba. Bayanin da ke tafe ya shafi mai riƙo sosai ne.

Game da nama, shawarata ita ce ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Dabbar da ta halatta gare su ita ce mai rababben kofato kuma mai tuƙa, wato saniya da tunkiya da akuya, ban da raƙumi da zomo da doki. Amma ko ragon ne, sai wanda aka horar na musamman a cikinsu ya yanka shi da wuƙar da ba ta da ko ɗan gibi, a duba huhunsa, a cire wasu jijiyoyi da kitse, sannan a jiƙa naman na rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri na awa guda domin a fitar da jini, a ɗauraye. Saboda haka naman mayankar Oko-Oba da ke Agege, duk da cewa Musulmi ne ya yanka shi da bisimilla, bai cika sharuɗɗansu ba, haka ma kaza. Musulmi yana iya cin yankan ma'abota littafi, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, amma su dokarsu ba ta ba su irin wannan dama ba, kuma bai kamata ka ɗauki hakan a matsayin raini ba.

Kifi ne mafita, sai dai shi ma da sharaɗi: dole ya kasance mai ɓawo a jiki da fiffike. Karfasa ta halatta, tarwaɗa kuwa ba ta halatta ba, kuma wannan ya kawar da farfesun tarwaɗar da aka saba yi wa baƙo a Legas. Jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi duk haramun ne a gare su, don haka ka ja kunnen mai girki game da garin kirefish, wato busassun ƙananan jatan lande, wanda matan Legas suke zubawa a kusan kowace miya ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba, da kuma dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza ko nama. Ka sayo kifin ɗungurungum da ɓawonsa yadda baƙon zai gani da idonsa, kada a yanka shi da wuƙar mai kifi wadda ta gama daddatsa tarwaɗa. Wake da shinkafa da alayyahu da zogale a tsince su, a wanke su da kyau, domin ƙwaro ko tsutsa komai ƙanƙantarsu haramun ne a wurinsu, kuma ƙwan da aka fasa aka ga ɗigon jini a ciki zubar da shi ake yi.

Dokar da ta fi ba Bahaushe mamaki ita ce hana haɗa nama da nono, ko duk abin da aka samu daga nono. Miyar kuka da nama da man shanu, wadda a wurinmu ita ce ƙarshen karramawa, a wurinsu haɗi ne da aka haramta, kuma da yawa daga cikinsu sukan jira awa shida bayan cin nama kafin su sha nono, wato babu zancen kora tsire da fura. A gidajensu tukwane da faranta da cokulan nama daban suke da na nono. Tun da tukunyar gidanka ta dafa duka biyun, ka sayi sabuwa da sabon ludayi, ka yi girkin da manja ko man gyaɗa, ka zuba masa a farantin roba irin na amfani sau ɗaya. Wasu ba sa cin dafaffen abincin wanda ba Bayahude ba sai idan su suka kunna wutar ko suka ɗora tukunyar da hannunsu, to idan ya nemi shiga kicin, ka miƙa masa ashana. Idan duk wannan ya yi maka yawa, ka cika tire da lemo da ayaba da mangwaro waɗanda ba a yanka ba, ko ka bar shi ya zo da abincinsa ku ci tare. In ka ga ya wanke hannu ya yi shiru har sai da ya gutsuri burodi, ibada ce yake yi, ba fushi ba.

Sai batun rana. Shabat yana shiga ne da faɗuwar rana ta Juma'a, wadda a Legas take faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai duk shekara, kuma sukan kunna kyandir minti 18 kafin hakan. Daga nan har kusan awa 25 ba ya shiga mota, ba ya kunna wuta ko fitila, ba ya girki, ba ya rubutu, ba ya taɓa kuɗi ko waya, domin malamansu sun lissafa nau'o'in aiki 39 da aka hana. Wanda ya san cunkoson gadar Third Mainland ranar Juma'a da yamma zai sallami baƙonsa tun bayan an sauko daga masallaci, kada rana ta faɗi masa a kan gada. Lahadi da rana ko daren Alhamis sun fi dacewa da gayyata.

Idan kuwa Shabat zai riske shi a gidanka ya kwana, a gama girkinsa kafin magariba a zuba a kula, a bar fitilar banɗaki da fankar ɗakinsa a kunne. Idan aka ɗauke wuta ba zai ce maka ka tayar da janareta ba, domin an hana shi sa wani ya yi masa aikin da shi aka hana shi, amma idan ka tayar saboda iyalinka, babu laifi ya amfana. Yana buɗe cin abincin daren ne da addu'a a kan giyar inabi ko ruwan inabi da burodi guda biyu, kuma tun da giya ba ta shiga gidan Musulmi, ka gaya masa tun da wuri ya taho da ruwan inabinsa. Ka ware masa wuri mai tsabta, domin yana addu'a sau uku a rana yana fuskantar Ƙudus, wato arewa maso gabas daga Legas. Hutun yana ƙarewa ne ranar Asabar da dare idan taurari uku suka bayyana, gab da lisha, inda zai kunna kyandir ya shinshina kayan ƙamshi, kuma ɗan kanumfarin da ke kicin ɗinka ya wadatar da shi. Sai bayan nan ne za ka ɗauko maganar ciniki ko ka kira masa mota.