Yadda ɗalibi zai tsara bita don karatu ya zauna a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana miƙa saƙo ga wasu ta ƙananan mahaɗu da masana ke kira sinaps. Idan mutum ya haddace wani abu, waɗannan mahaɗun ne suke ƙara ƙarfi. A shekarar 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa binciken da suka yi a kan zomaye a birnin Oslo, inda suka nuna cewa mahaɗar da aka motsa a kai a kai tana riƙe sabon ƙarfinta na tsawon sa'o'i. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko bak a Damagaram, ko mai karatu a Jami'ar André Salifou, zai iya gina tsarin bitarsa a kan wannan sani.

Ka fara da rarraba darasi a kan kwanaki. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya yi aiki da wani nau'in dodon koɗi na teku, kuma shi da abokan aikinsa sun gano cewa horon da aka tara a rana ɗaya yana gushewa da wuri, alhali wanda aka raba a kan kwana huɗu yana kai makonni. Dalili kuwa shi ne, tunawa mai ɗorewa tana bukatar ƙwayar jijiya ta ƙera sabon furotin har ta tsiro da sababbin mahaɗu, wannan aiki kuma ba ya yiwuwa cikin gaggawa. Saboda haka darasin da ka karanta yau, ka koma masa gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Rabin sa'a a kowane zama ya fi sa'a biyu a dare ɗaya amfani.

A kowace bita ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta abin da ka tuna kafin ka duba inda ka kuskure. Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi gudu, domin yana da wuya, amma a ganina shi ne mafi muhimmanci. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka gwada kansu sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa tuna abin da aka ba su. Alarammomin tsangayunmu sun daɗe a kan wannan turba, tunda almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo haddarsa da ka, kuma tilawar baya ba ta tsayawa.

Sai barci. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ga cewa ƙwayoyin jijiyar da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake zagaya wani wuri suna sake yin aiki tare idan ya yi barci, wato ƙwaƙwalwa tana yin tata bitar. Yana damuna ƙwarai in ga samari suna kwana a fada da butar shayi da littafi, suna ganin ƙoƙari suke yi, alhali suna hana karatun zama. Ka daina shan shayi tun la'asar, ka yi bitar ƙarshe bayan sallar isha'i, ka kwanta, sannan bayan asuba ka gwada kanka a kan darasin jiya kafin ka buɗe sabo.