Yadda Ake Shirya wa Gasar Tirayatilon ta Farko Don Tara Kuɗin Agaji

Tirayatilon wasanni uku ne da ake jerawa ba tare da an tsayar da agogo ba, wato ninkaya, sai tseren keke, sannan gudu. An fara ta a siffar da aka sani yau a San Diyego ta ƙasar Amurka a shekarar 1974, ta kuma shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Wanda ya shige ta don tara wa wata ƙungiyar agaji kuɗi yana ɗauke da kaya biyu, domin bayan horar da jiki akwai mutanen da suka ba da kuɗinsu suna jiran labari. Na ga sababbin shiga da dama sun gaza, kuma kusan dukkansu a ruwa suka gaza.

Abu na farko shi ne zaɓen tazara, kuma a nan ne son burge masu ba da gudunmawa yake jefa mutum cikin wahala. Gajeriyar tazara ta ƙunshi ninkayar mita 750, keke kilomita 20, da gudun kilomita 5. Ta Olamfik ninkinta ce: mita 1,500, kilomita 40, da kilomita 10. Ita kuwa Ironman, mai ninkayar kilomita 3.8 da keke kilomita 180 da gudun kilomita 42.2, kada ma ka kawo ta a ranka bana. Sabon shiga yakan ji nauyin roƙon kuɗi a kan gajeriyar tazara, alhali mai bayarwa ba ya lissafin kilomita, abin da ya dame shi shi ne inda kuɗinsa zai je da kuma ko ka ƙarasa. Ka ɗauki gajeriyar, ka ware mata makonni 12 idan dama kana motsa jiki. Idan ninkayarka ta ceton rai ce kawai, ka ba kanka wata shida, ka nemi mai koyarwa.

Kafin ka fara atisaye ka daidaita da ƙungiyar da za ka tara wa kuɗin. Wasu ƙungiyoyin suna da gurabe a gasa, suna bayarwa bisa sharaɗin ka tara wani adadi, don haka ka tambayi abin da zai biyo baya idan ba ka cika shi ba. A ganina kuɗin rajista da na kaya daga aljihunka ya kamata su fito, gudunmawar jama'a kuma ta tafi asusun ƙungiyar kai tsaye ba tare da ta ratsa naka ba. Idan ta shafin intanet za ka tara, ka duba kason da suke cirewa.

Tsarin mako ba shi da wuya: keke sau biyu, gudu sau biyu, ninkaya sau uku, duka cikin kwana shida, da rana ɗaya ta cikakken hutu, a rage nauyin atisayen a kowane mako na huɗu. Na fifita ninkaya da gangan.

A gasata ta farko na shiga tafki da tabbacin cewa na shirya, tunda a wurin ninkaya mai tsawon mita 25 ina yin tsallake 30 ba tare da gajiya ba, wanda shi ne mita 750 cif. Ban kai mita 100 ba numfashina ya sarƙe. Ruwan ya fi wanda na saba sanyi, duhunsa bai bar ni na ga ko tafin hannuna ba, wani ya doke ni da diddige a haɓa har tabarau na ya cika da ruwa, babu kuma bangon da zan dafa. Ƙarshenta a bakin kwale-kwalen masu ceto na rataye ina haki, kusan minti biyar, ina kallon sauran suna nisa. Ƙarfin jiki bai ƙare mini ba, rashin sabo ne ya kayar da ni.

Maganin abin shi ne ka shiga buɗaɗɗen ruwa aƙalla sau huɗu kafin ranar gasa, a wurin da aka amince da shi mai masu tsaro, kuma kada ka taɓa shiga kai kaɗai. Ruwa mai sanyi yana sa mutum jan numfashi da sauri ba da son ransa ba a mintunan farko, saboda haka ka shiga a hankali, ka jiƙa fuska da wuya, ka tsoma kai kana fitar da iska har ƙirjinka ya lafa, sannan ka fara iyo. Yawancin masu firgita riƙe numfashi suke yi a ƙarƙashin ruwa, su ɗago suna son fitarwa da shaƙa a lokaci guda, iskar ba ta isa. Ka koyi fitar da ita gaba ɗaya tun fuskarka tana cikin ruwa.

Sai batun saiti. A wurin ninkaya layin da ke ƙasa ne yake miƙar da kai, a tafki kuwa babu shi, kuma hannun da ya fi ƙarfi yakan karkatar da mutum ya ƙara wa kansa tafiya bai sani ba. Bayan kowane bugun hannu shida zuwa takwas ka ɗago idanu kaɗan saman ruwa, ka hango alamar da za a kewaya ko wata doguwar bishiya da ke bayanta, ka mayar da kai. Ana iya koyon wannan a wurin ninkaya ma, musamman idan ka sami abokai biyu ko uku ku cushe a layi ɗaya kuna gogar juna. Rigar robar ninkaya tana ɗumama jiki tana kuma ɗaga shi sama, amma tana matse ƙirji, don haka ka gwada ta tun da wuri. Haya ko aro sun wadatar a karon farko, kuma ka karanta dokar gasarku, domin zafin ruwan ne yake yanke ko za a sa ta. Ranar gasa ka tsaya a baya kuma daga gefe, ka bar masu gaggawa su wuce da daƙiƙa goma. Idan ka firgita ka juya rigingine ka huta.

Keke bai cancanci a kashe masa dukiya ba. Duk keken da birkinsa da giyarsa suke lafiya zai kai ka kilomita 20, sai dai a daidaita tsayin sirdi, kuma ka iya canza tiyob da hannunka. Abin da ba a tsallakewa shi ne haɗa keke da gudu sau ɗaya a mako daga mako na biyar: ka sauka daga keke ka kama gudun minti goma nan take, domin ƙafafu sukan yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu, kuma gara ka san wannan jin tun a atisaye. Gajerun taku ne suke warware shi.

Wurin sauya kaya tsakanin wasa da wasa a ranar gasa yana da dokokinsa. Ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke, kada ka kwance ta sai ka rataye shi, kada kuma ka hau kafin layin da aka shata. A yawancin gasannin sababbin shiga an hana maƙalewa a bayan keken wani don fakewa daga iska. Ka jera kayanka a kan tawul, ka maimaita sauyin sau biyar a gida.

A makon ƙarshe ka rage atisaye zuwa rabi, kada ka sa sabon takalmi ko ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba. A wannan makon ne kuma za ka sake tuntuɓar waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba, domin da yawa sai sun ga rana ta matso suke tunawa. Bayan gasa ka bar ƙofar gudunmawa a buɗe na mako biyu, sannan ka aika wa kowa jimillar abin da aka tara tare da shaidar karɓa daga ƙungiyar.