Yadda ake ba ma'aikaci takardar tuhuma

Shugabannin sashe da dama sun yi ta tambayata yadda ake ba ma'aikacin gwamnatin tarayya takardar tuhuma, wadda a ofis muke kira kwiri. Ga yadda ake yi:

1. Tattara hujja: rajistar zuwa aiki, takardu, sunayen shaidu.

2. Buɗe kundin Dokokin Aikin Gwamnati, ka nemo dokar da ya karya.

3. Rubuta laifin dalla-dalla, da rana da lokaci. Hattara, nan ake yawan zamewa! "Ba ka da ladabi" ba tuhuma ba ce. Rubuta "ba ka zo aiki ba ranar kaza da kaza, kuma ba da izini ba".

4. Sa wa'adin amsa, galibi awa 72.

5. Miƙa masa takardar hannu da hannu.

6. Sa shi ya sa hannu a kwafinka. Kada ka bar ta wajen masinja, gobe zai rantse bai gan ta ba.

7. Karanta amsarsa da zuciya ɗaya. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin a saurare shi.

8. In amsar ba ta gamsar ba, tura fayil ga kwamitin ladabtarwa. Kora ba hurumin ka ba ce.