Yadda Ake Rubuta Takardar Ajiye Aiki

Takardar ajiye aiki gajeruwa ce, amma ita ce ke zama a fayil ɗin ma'aikaci bayan shi ya tafi, kuma ita ake ɗaukowa duk ranar da wata ma'aikata ta nemi bayani a kansa, ko aka samu saɓani kan albashin watan ƙarshe. Saboda haka aikinta shi ne ta zama shaida kan abubuwa uku: cewa ka ajiye aiki da kanka, ranar da ka sanar, da ranar da za ka tafi. Duk abin da aka ƙara a kan waɗannan ladabi ne, ladabin kuwa yana da muhimmanci, amma kada ya rufe su.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ɗauko takardar da aka ba ka lokacin kama aiki ka karanta sashen da ya yi maganar rabuwa. A nan ne za ka ga tsawon notis ɗin da aka yi yarjejeniya a kansa, wanda a kamfanoni da yawa wata ɗaya ne, ga manyan ma'aikata kuma yakan kai wata uku. Idan takardar ba ta ce komai ba, Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tanadi mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 5, sannan wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Dokar ta ce notis na mako ɗaya ko fiye da haka dole ne ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga cikin lissafi. Sai dai a lura, wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru kamar injiniyoyi da likitoci, yarjejeniyarsu ce ke hukunci a kansu, ma'aikatan gwamnati kuma suna da dokokin aikin gwamnati da suke bi. Wanda yake gaggawar tafiya yana iya biyan albashin kwanakin notis maimakon ya zauna ya cika su, in dai yarjejeniyar ta ba da dama ko an amince masa, kuma ya kamata ya faɗi hakan a cikin takardar.

Akwai wani kuskure da ma'aikatan gwamnati ke yi wanda gyaransa ke da wuya. Wanda ya samu aiki a ma'aikatar tarayya alhali yana aikin jiha, ko ya samu a wata jami'ar gwamnati, sau da yawa abin da ya dace da shi shi ne ya nemi a mayar da aikinsa can tare da shekarun da ya riga ya yi. Idan ya rubuta takardar ajiye aiki kai tsaye, yana iya katse lissafin shekarunsa, alhali a aikin gwamnati shekarun ne ke yanke matsayi da haƙƙin ritaya. Haka kuma wanda ma'aikata ta tura karatu da albashi, galibi ya sa hannu cewa zai dawo ya yi wasu shekaru, in kuwa ya tafi kafin su cika, za a nemi ya mayar da kuɗin. Waɗannan abubuwa ne da ake tambaya a ofishin kula da ma'aikata tun kafin a yanke shawara. Kada kuma ka ajiye aikin da ke hannunka saboda alƙawarin baki da aka yi maka a wani wuri. Jira sai takardar sabon aikin ta zo hannunka ka sa mata hannu.

Idan ka tabbatar da waɗannan, mataki na gaba na baki ne. Bai dace shugabanka ya fara jin labarin tafiyarka daga bakin masinja ko ya tsinci takarda a kan teburinsa ba. Nemi ganinsa shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne in sanar da kai cewa na yanke shawarar ajiye aiki, kuma na ga ya kamata ka fara ji daga bakina kafin in kawo a rubuce." Idan mace ce, "Ranki ya daɗe" ko "Hajiya", gwargwadon yadda aka saba kiranta a wurin. Amma zancen baki ba ya zama notis, komai kyawun yadda aka rabu a ofishin, don haka takardar ta biyo baya a ranar ko washegari.

Yawancin ofisoshi a Najeriya da Turanci suke karɓar irin wannan takarda, a Nijar kuma da Faransanci, amma tsarin ɗaya ne ko da wane harshe aka rubuta. A sama akwai adireshinka da kwanan wata. Ƙarƙashinsu sai muƙamin wanda ake rubuta wa, wato wanda ke da ikon ɗauka da sallama, kamar manajan darakta, ko magatakardan jami'a, ko babban sakatare. A aikin gwamnati ba a tsallake shugaban sashe. Takardar tana bi ta hannunsa, ya sa hannu, sannan ta wuce sama. Daga nan sai gaisuwa, sai kan magana a layi ɗaya, sai jikin takardar, sai sa hannu da cikakken suna da lambar fayil ko lambar ma'aikaci. Ga misalin jikin takardar da Hausa, kamar yadda malamin makaranta mai zaman kanta zai rubuta wa shugabansa:

"Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na malamin lissafi a wannan makaranta. Bisa yarjejeniyar da ke cikin takardar kama aikina, na ba da notis na wata ɗaya, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Nuwamba, shekara kaza. Kafin wannan rana zan kammala duba takardun jarrabawar ɗalibaina, in miƙa rajistar aji da littattafan da ke hannuna ga wanda ka umarta. Ina godiya bisa damar da aka ba ni da irin tallafin da na samu daga gare ka da sauran malamai, kuma ina roƙon a yafe mini duk inda na kuskure. Ina fatan za a ba ni shaidar karɓar wannan takarda.

Naka mai biyayya,
Wane Wane"

A lura da cewa an rubuta "na ajiye", ba a rubuta "ina roƙon a ba ni izinin ajiyewa" ko "ina tunanin ajiyewa" ba. Kunya takan sa mutum ya sassauta magana har ta zama kamar neman shawara, sai a ajiye takardar a durowa a ce ba a amince ba tukuna. Kotunan Najeriya sun sha yanke hukunci cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, kuma sanarwar tana fara aiki ne daga ranar da aka karɓe ta, ba sai an amince ba. Wannan ne ya sa ranar karɓa ta fi ranar rubutawa muhimmanci. Haka kuma a rubuta ranar ƙarshe da lamba da sunan wata, a ƙara da shekara. "Ƙarshen wata mai zuwa" magana ce da kowa zai iya fassarawa yadda ta yi masa daɗi.

Game da dalili, ba dole ba ne ka faɗe shi. Jimla ɗaya kamar "domin ci gaba da karatu" ko "saboda wasu dalilai na iyali" ta wadatar, kuma babu buƙatar ambaton sunan inda za ka ko albashin da za a ba ka. Abin da ya fi jan mutane shi ne su mayar da takardar wurin amayar da abin da ke cikinsu: shugaban da ya tsangwame su, ƙarin girman da aka hana su, abokin aikin da ya kai su ƙara. A ganina, a nan gara a bar kaza cikin gashinta, domin fushin zai huce cikin 'yan watanni, takardar kuwa tana nan a fayil, kuma wanda ka zaga a ciki shi ne wataƙila za a kira a tambaya game da halinka. Wannan ba yana nufin ka yafe haƙƙinka ba ne. Idan kana bin albashi ko alawus, rubuta takarda ta daban ka lissafa watannin da adadin kuɗin cikin natsuwa. Idan kuma matsa maka aka yi ka rubuta takardar ajiye aiki alhali ba ka so, kada ka sa hannu sai ka ga lauya ko shugabannin ƙungiyar ƙwadagonku, domin takardar da ta ce ka tafi da son ranka tana iya raunana ƙararka a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke sauraron rigingimun aiki a Najeriya.

Ka buga kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ka tafi da shi gida. Idan an ƙi karɓa, ko shugaban ba ya gari, aika ta imel ɗin ofis ka tura wa kanka kwafi a imel ɗinka, ko ka aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da rasit. Saƙon WhatsApp yana iya zama ƙarin shaida, amma bai isa ya tsaya shi kaɗai a madadin takarda mai sa hannu ba.

Kwanakin notis kwanakin aiki ne cikakku, kuma wanda ya daina zuwa bayan ya miƙa takarda yana iya jawo a rubuta masa laifin gudun aiki. Yi amfani da su wajen rubuta bayanan miƙa aiki: ayyukan da aka gama, waɗanda ke kan hanya, mutanen da ake hulɗa da su, da inda kowane fayil yake. Mayar da katin shaida da makullai da kwamfuta da mota in akwai, kowanne a sa maka hannu cewa an karɓa. Idan akwai rancen ofis ko na ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, a zauna a daidaita yadda za a biya a rubuce, a kuma tambayi yadda za a yi da hutun shekarar da ba ka ci ba.

Batun fansho shi ne na ƙarshe da za a duba. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, asusun ajiyar fanshonka naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, abin da kawai za ka yi shi ne ka ba sabon wurin aiki lambar asusun da sunan kamfanin da ke kula da shi. Nemi bayanin asusun kafin ka tafi, ka tabbatar an zuba kaso 8 cikin ɗari da ake cira daga albashinka da kaso 10 da ma'aikatar ke ƙarawa daga nata ɓangaren har zuwa watan ƙarshe. Idan akwai watannin da ba a zuba ba, ka rubuta wa ma'aikatar tun kana ciki, in ba a gyara ba ka kai koke hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. Ma'aikatan jihohi irin su Kano da Jigawa, waɗanda ke da nasu tsarin fanshon, sai su tuntuɓi hukumar fansho ta jiharsu su ji abin da ya shafi wanda ya ajiye aiki kafin lokacin ritayarsa.