Yadda Nake Farautar Dunƙulen Taurari a Dutsen Shere

Galaksinmu, wato gagarumin tarin taurarin da muke ciki, kamar faifai yake, kuma rana tana cikin faifan. Amma akwai tsofaffin taurari da suka lulluɓe shi sama da ƙasa, wasu a warwatse, wasu a cure kamar fura. Waɗannan curarrun sun haura 150, kuma daga Jos ana iya ganin wanda ya fi duka girma, Omega Centauri.

Ni cikin Afrilu nake fita, bayan hazon hunturu ya wanke, kafin damina ta kankama. Ka duba kalandar Musulunci, ka zaɓi ƙarshen wata. Farin wata yana ɓata aikin gaba ɗaya. Ka bar hasken gari, ka nufi wajen Shere, da rigar sanyi, don sanyin tsakar daren Jos ba ya jin roƙo. Abin hangen nesa mai ido biyu ya isa. Tocila kuwa, ɗaura mata jar leda, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Na taɓa leƙa WhatsApp a tsakiyar aiki, sai da na sake jira daga farko.

Wajen ƙarfe 12 na dare ka fuskanci kudu. Nemo tauraro mai haske da ake kira Spica, manhajar Stellarium za ta nuna maka shi. Miƙe hannu, ka dunƙule, ka gangaro kudu tsaye daga Spica, faɗin dunƙulen hannunka uku da rabi. Za ka ga wani ɗan dishi-dishi kamar auduga. Shi ne Omega Centauri. Taurari ne kusan miliyan 10, haskensu ya yi shekara wajen 17,000 a hanya. Masana da dama na ganin cibiyar wani ƙaramin galaksi ne da namu ya haɗiye.

Nan aikin zana taswirar dunƙulen taurarin yake farawa. Ka zauna har gab da asuba, jerin taurarin da ake kira Kunama (Scorpius) ta hau sama. Gefen jan tauraronta Antares akwai dunƙulen da ake kira M4, gabas da nan akwai M22, can arewa M13. Kowanne ka gani, ɗiga shi a takarda. Bayan 'yan darare za ka lura ɗigon sun yi cincirindo wajen Kunama da jerin taurarin Sagittarius da ke gabas da ita. Da irin wannan lura, haɗe da auna nisansu, masanin taurari Harlow Shapley ya gano a 1918 cewa ba mu ne a tsakiyar galaksin ba, don da a tsakiya muke, da dunƙulen sun zagaye mu daidai ta ko'ina.

Motsin waɗannan taurari kam ido ba ya kama shi. Wannan sai bayanan kumbon Gaia na Turai, wanda ya auna taurari kusan biliyan 1.8, kuma kyauta suke a intanet. Sai dai ka tanadi data mai kauri.